Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gane Mai Ƙarko Da Lissafin Kuɗin Gyaranta Tun Kafin A Biya

Saƙon da ya fi yawan zuwa mana kusan iri ɗaya ne: "Kuɗina sun kai na Corolla 2005 ko Camry 2008, wacce ce ba za ta riƙa kwana a gareji ba?" Sunan mota kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Ƙaramar mota mai but da ta shekara 15 zuwa 20 tana yawo, ƙarkonta yana ga hannuwan da ta bi, da kuma abin da za ka yi mata a watan farko. Sai ka ga Corolla biyu 'yan shekara ɗaya, guda ta yi shekara uku ba abin da take nema sai bakin mai da birki, ɗayar kuwa ta cinye albashin mai ita. Ga yadda ake rarrabe su, daki-daki.

1. Raba kuɗin kafin ka je wurin dillalai

Kada ka ɗora duk abin da ke hannunka a kan farashin motar. In Beljiyam ce, wato wadda ba a taɓa hawa a nan ba, cire kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ka ajiye. In ta hannu ce da aka sha hawa a gida, ajiye kashi 25. Ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce, kuɗi ne da tabbas za su fita: takardu, inshora, la'adar dillali, ladan makanikin da zai duba maka, sai gyaran watan farko. Inshorar ɓangare na uku ta motar gida kaɗai naira 15,000 ce a Najeriya tun Janairun 2023.

*Hattara:* in ajiyar ta sa kuɗin Camry ba su cika ba, sauko kan Corolla. Wanda ya ƙarar da aljihunsa wurin saye shi ne ke komawa ga jabun kaya a gyaran farko, daga nan kuma motar ke fara sukurkucewa.

2. San ciwon kowace ƙira

Kowace tsohuwar mota tana da ciwon da aka san ta da shi. In ka san shi, ka san inda za ka fara dubawa.

Corolla 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ-FE, lita 1.8, ita ce mafi sauƙin riƙo a cikinsu. Sarƙa take amfani da ita a taimin, ba bel ba, saboda haka babu kuɗin canji lokaci-lokaci. Abin da ta saba yi bai wuce gaskit ɗin manifol ya riƙa shaƙar iska ba, ko bakin mai ya riƙa tsattsafowa ta wurin abin ɗaure sarƙa. Duka gyara ne mai sauƙi.

Camry 2002 zuwa 2006, wadda 'yan kasuwa ke kira Big Daddy, mai silinda huɗu tana da inji 2AZ-FE, lita 2.4. Ba ta yafe zafi. In ta taɓa tafasa sosai, zaren kusoshin da ke riƙe kan silinda yana iya cinyewa, ruwa ya fara zuba ta bayan inji. Mai silinda shida ta waɗannan shekarun bel gare ta a taimin.

Camry 2007 zuwa 2009, wato Muscle, an san injinta mai silinda huɗu da shan bakin mai saboda ringin fistin. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a Amurka, ya sa ma'aunin kusan lita ɗaya a mil 1,200. Dashbod ɗinta kuma yana narkewa ya yi danƙo a rana, abin da ba sai an yi wa mazaunin Sakkwato ko Maiduguri dogon bayani ba.

Honda Accord 2003 zuwa 2007, wato wadda 'yan kasuwa ke kira EOD da ƙanwarta, mai silinda huɗu injinta K24 yana da juriya, shi ma sarƙa ce. Mai silinda shida, musamman ta 2003 da 2004, giyarta ta atomatik ce ke ba da ciwon kai, kuma in bel ɗin taimin ya tsinke tana tafiya, bawul sun lanƙwashe. Sai boljoyin na gaba: duk Honda da ka gani a gefen titi tayarta ta turgude waje, yawanci jabun boljoyin ne aka sa mata, ko an ƙyale wanda ya mutu.

Peugeot 406, wadda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, ta san doguwar hanya. Mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali. Mai atomatik AL4 takan maƙale a giya ta uku idan bawul ɗin lantarkinta sun gaji, kuma sai wanda ya san ta yake iya mata.

Bayan wannan, tambayi kanka: a garinmu wa ya iya gyaran wannan motar, ina ake samun kayanta? Abin da za ka samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna cikin awa ɗaya ya fi maka wanda sai an aika kasuwar Ladipo a Legas, mota na zaune kana biyan ɗan adaidaita.

3. Takardu da lambar jikin mota

Kafin a buɗe bonet, karanta lambar VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Dole su zo daidai da na takardar kwastan da ta mallaka, harafi bayan harafi. A motocin Amurka, na goma shi ne shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan kaɗai ake kama motar da aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru.

In daga Amurka ta zo, biya a ciro maka tarihinta a Carfax ko makamancinsa ta intanet. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin haɗari. Wadda ta bugu a bamba ba laifi. Wadda ambaliya ta shanye, ko kyauta aka ba ka za ta yi maka tsada.

*Hattara:* agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake lissafi. Mil 150,000 wajen kilomita 240,000 ne. Kuma ana mayar da agogo baya, don haka dubi robar birki, sitiyari da kujerar direba, su ba sa ɓoye shekarunsu.

4. Duba ta da safe, inji a sanyaye

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci. Je da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka kuma ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe. Kayan aiki kaɗan ne: tocila, farin ƙyalle, ƙaramin maganaɗisu, na'urar awon batir.

Fara da bakin mai. Zaro sandar awo ka goge a ƙyallen, sannan buɗe murfin da ake zuba mai ka haska ciki. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta alama ce ta motar da ba a yi wa sabis a kan kari. Abu mai kama da shayi da madara a ƙasan murfin yana nufin ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone. Mai da ya yi kauri fiye da kima kuma, wataƙila an zuba shi ne don a danne hayaƙi da ƙara.

Buɗe lagireto tun yana sanyi. Abin da ake so shi ne ruwa mai launi, ja ko ruwan hoda ko kore ko shuɗi. Ruwa mai tsatsa yana nufin an daɗe ana zuba na rijiya ko na leda. A tayar da motar murfin na buɗe: kumfa mai tasowa ba tsayawa hayaƙin inji ne ke shiga ruwa.

Kalli fankar lagireto. In ta kama juyawa da zarar an murɗa makulli alhali AC na kashe, an haɗa ta kai tsaye, kuma sau da yawa an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Makanikai kan ce "don zafin ƙasarmu ne". Galibi motar ta taɓa tafasa ne, aka rufe alamar aka bar ciwon.

Man giya, in motar na da sandar awonsa, ja ne ko ja mai ɗan duhu. Baƙi mai warin ƙuna labarinsa ya ƙare.

Tsaya a bayan salansa lokacin tayarwa. Shuɗin hayaƙi bakin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa ruwa ne. Batir, inji a kashe, ya nuna wajen volt 12.4 zuwa 12.6, inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji yadda ya kamata.

A jiki, bi ƙofofi da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa an cika da foti. Ɗaga kafet, leƙa ramin safaya taya, duba ƙarfen ƙarƙashin kujeru. Busasshen laka, tsatsa da warin rima su ne sawun ambaliya.

*Hattara:* injin da aka wanke tas yana ƙyalli ba abin yabo ba ne. Wanki yana share sawun yoyo. Bar shi ya yi minti 20 yana aiki ka sake haskawa.

5. Sa mata na'ura

Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Fitilar inji, ta birkin ABS da ta jakar iska dole su kama, su kuma mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. P0300 zuwa P0304 inji na tsallake wuta, yawanci fulogi ne ko kwayil, mai sauƙi. P0171 iska ta fi fetur yawa. P0420 ya shafi matatar hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wadda ake yawan cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne, su ne na gudu.

*Hattara:* ana goge lambobin kafin mai saye ya zo. Ce wa mai na'urar ya duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, ba a daɗe da gogewa ko cire kan batir ba.

6. Tuƙa ta da kanka

Zagayen layi ɗaya ba gwaji ba ne. Minti 30 ake so, rediyo a kashe, AC a kunne, a bi cunkoso, a bi gargada, a kuma hau titin da za a kai kilomita 100 a awa. Taka birki ka sa R, ka sa D: in ta yi jinkiri sannan ta shiga da bugu, giya ce ko injinsit. A kan tafiya, in allurar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, giya na sulɓewa. Ciwon giya yakan ɓuya sai mai ya yi zafi, shi ya sa ake tsawaita tafiyar. Karya sitiyari har ƙarshe ka juya a hankali, ƙarar ƙas-ƙas shaf ne. Allurar zafi ta tsaya wajen tsakiya, kada ta motsa a cunkoso.

7. A hau rami

A ɗaga ta ko a hau ramin gareji. A girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, don boljoyin, tayarod da boris. A duba shokozoba ko na zubar da mai, robobin shaf ko sun yage, bushin ko sun tsage. Waɗannan duka ciniki ne, ana gyara su. Walda ko lanƙwasa a ƙashin motar kuwa ba ciniki, don ba alaimen da zai daidaita ta, haka za ta yi ta cin taya.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta na nan, sa kuɗin sabuwa a lissafi.

8. Mayar da kowane lahani naira

Rubuta duk abin da aka gano, ka kasa shi uku. Kashin farko ƙananan kaya: fulogi, filta, takalmin birki, batir, bel na waje. Na biyu matsakaita: shokozoba, shaf, lagireto, altaneta, famfon fetur, kwamfiresan AC, tayoyi huɗu. Na uku masu karya aljihu: inji, giya, kan silinda, wayoyin da ruwa ya ci, ƙashin mota.

Farashin kaya yana bin dala, abin da aka saya wata uku baya ba shi ne na yau ba. Don haka a ranar, kira shaguna uku a kan kowane abu na kashi na biyu, ka tambayi kuɗin sabo na asali da na Beljiyam, ka ɗauki na tsakiya, ka ƙara ladan aiki. Jimillar ita za ka nemi a rage maka. In abu ko ɗaya ya faɗo a kashi na uku, shawararmu ka haƙura da motar, sai fa in ragin ya kai kuɗin wani injin ko giyar har da ɗaurawa. Ko a haka ma caca ce, don injin Beljiyam ɗin ba ka san hannun da ya bi ba.

9. Watan farko

A nan ajiyar mataki na ɗaya za ta yi aiki. Ɗauka cewa ba a taɓa yi wa motar komai ba, ko me mai sayarwa ya ce, ka bi wannan jerin.

Na farko bakin mai da filta. Waɗannan injinan masu silinda huɗu suna cin wajen lita 4. Kaurin man da ya dace yana rubuce a murfi ko a littafin motar: 5W-30 a Corolla ta waɗannan shekarun, 5W-20 a Accord. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota tana wahalar da injin da ke da siraran hanyoyin mai. Daga ranar, duba sandar awo duk bayan kilomita 500 ka rubuta, ta haka za ka san ko tana sha.

Na biyu sanyaya inji. A wanke lagireto, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta na asali, a canza murfin lagireto da duk tiyon da ya kumbura, a zuba ruwan sanyaya na gaske. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, sai kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur.

Na uku man giya. Toyota ta wajen 2002 zuwa 2006 T-IV take sha, Camry daga 2007 WS, Honda kuma DW-1. Kada a yarda da "duk jan mai ne".

*Hattara:* a tsohuwar giya, a tsiyaye abin da ya fito ta ƙasa, lita 3 zuwa 4, a mayar da daidai shi. Kada a sa injin da ke tura mai da ƙarfi don wanke ta, dattin da ya tayar yana iya toshe hanyoyin mai.

Na huɗu, in mai bel ce a taimin kuma ba takardar da ta nuna ranar da aka canza, a canza shi tare da famfon ruwa da abin ɗaurewa a zama ɗaya, tunda ladan kwancewar guda ne.

Sai birki da mansa, boljoyin da tayarod, tayoyi, sannan alaimen a ƙarshe. Wanda ya yi alaimen kafin gyaran ƙasa zai biya sau biyu. Fenti, rediyo da rigar kujeru su jira.

Game da kaya: fulogi, kwayil, boljoyin da na'urorin da ke aika wa kwamfuta saƙo, sayi na asali, irin su Denso da NGK, daga shagon da zai karɓa in ba su yi ba, don jabunsu sun cika kasuwa har da kwali mai kyau. Altaneta, kik da ƙofa kuwa, Beljiyam mai kyau ya fi sabo mai araha. Ka riƙa karɓar tsohon abin da aka cire.

10. Lissafin shekara

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, shan mai ya zama gyara mafi tsada da ba a kai wa gareji. Auna shi: cika tanki, mayar da agogon tafiya sifili, in ka sake cikawa raba litocin da kilomitocin. A ce kana yin kilomita 1,200 a wata. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci 120, mai shan 14 za ta ci 168. Lita 48 ke nan duk wata, sau da yawa saboda matacciyar na'urar awon hayaƙi, toshasshen filtar iska ko tamostat da aka cire.

Da ƙurarmu da cunkosonmu, canza bakin mai duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Filtar iska a duba ta kowane wata lokacin hunturu, a kaɗe, in ta toshe a canza. Bayan damina a sake hawa rami, ramukan titi suna barin aiki a ƙasan mota. Ware wani abu duk wata daidai da kuɗin cika tanki ɗaya a asusun gyara, domin a mota mai waɗannan shekarun, abu ɗaya ko biyu daga kashi na biyu zai taso a shekara ko da ana kula da ita.

Ajiye ƙaramin littafi a motar: kwanan wata, kilomita, abin da aka yi, nawa aka kashe. In gyara ɗaya ya tasar wa rabin kuɗin da za a sayi motar a yau, ko kuma littafin ya nuna wata uku a jere kana kashe fiye da abin da ka ware, gyara abin da ya shafi birki da sitiyari, ka faɗa wa mai saye ciwonta, ka sa ta a kasuwa tun tana tafiya da ƙafarta.